Makirfon da Meshak Ya Ƙera Domin Muryar Mama Afiniki

A shekara ta 2018 ne majami'ar da Meshak Kazah ya tashi a cikinta, can Madakiya, ta sayi janareta da kibod da manyan lasifikoki. Daga wannan shekarar sujada ta sauya kama. Matasa suka karɓe waƙa, ƙarar kiɗa ta riƙa kaiwa har bakin titi, tsofaffin waƙoƙin Zumuntar Mata kuwa suka koma na lokaci-lokaci, sai ranar bikin mata ko ranar jana'iza. Meshak aka kira daga Kafanchan ya haɗa kayan, domin ɗan gida ne, kuma gyaran rediyo ne sana'arsa. Shi ya ja wayoyi ta saman rufi, shi ya nuna wa mata yadda ake riƙe makirfo kusa da baki, shi ne kuma ya koya wa Joanna, mai buga babban tulu, ta riƙa kafa makirfo daidai bakin tulun domin amonsa ya fita a lasifika. Ya koma gida ran nan da farin ciki, yana ganin ya yi wa Ubangiji hidima.

Meshak bai san mahaifiyarsa ba. Ta rasu yana goye, ƙanwarta Afiniki ta ɗauke shi ta haɗa da nata 'ya'yan, ba ta taɓa bari ya ji bambanci ba. A bayanta ya fara zuwa gonar citta, a gefen dutsen niƙanta ya fara jin waƙa. Afiniki ba ta yi karatun boko ba, amma Allah ya ba ta baiwa: takan ɗauki muryoyin waƙoƙin niƙa da na gayya na mutanen Bajju, ta ɗora musu labaran Littafi Mai Tsarki, wasu da yaren gida, wasu da Hausa. Ita ce ke bayarwa, mata na amsawa. Shekara da shekaru ita ta ja waƙar Zumunta a Madakiya, kuma ko ɗaya daga cikin waƙoƙin ba a taɓa rubutawa ba.

Da ya gama firamare aka kai shi Kafanchan koyon gyaran rediyo wurin wani maigida da ke da shago kusa da tashar jirgin ƙasa, a zamanin da jiragen kudu da na arewa suke haɗuwa a garin. A nan ne, yana ɗan koyo, aka kawo gyaran wani tsohon makirfo mai nauyi daga wani gidan mishan. Da maigidan ya buɗe shi, Meshak ya leƙa yana zaton zai ga tarin wayoyi. Bai ga komai ba sai maganaɗisu biyu, da wani siririn zirin alminiyam mai lanƙwashe-lanƙwashe a rataye tsakaninsu. Ya buɗe baki zai yi tambaya, maigidan ya rufe masa bakin da tafin hannu, ya ce numfashi kaɗai ya isa ya tsinka shi. Daga baya ya yi masa bayani: murya ce ke kaɗa zirin, kaɗawar ta haifi 'yar wutar lantarki, 'yar ƙaramar taransifoma ta ƙara mata ƙarfi. Ya ce irin wannan makirfo yana ji ta gaba, yana ji ta baya, amma ta gefe kurma ne.

Meshak ya sami 'yancin kansa, ya buɗe shago, ya auri Rosemary, tela ce wadda kekenta ya zauna a barandar shagon tun daga lokacin. Suka haifi 'ya'ya, suka aurar, aka zaɓe shi dattijon ikilisiya a majami'arsu ta Kafanchan. Sana'ar kuwa ta yi ta ja da baya. Jiragen suka daina zuwa, wayar hannu ta kori rediyo daga gidaje, talabijin ta zama falle wanda idan ya lalace sai a yar. Waɗanda ba su rabu da shi ba su ne makiyaya, masu rataya rediyo a kafaɗa su bi shanu. Cikinsu akwai Gidaɗo, wanda rugarsu ke kan hanyar Madakiya, wanda kuma ya mai da bencin shagon wurin hutawarsa duk ranar kasuwa. Ga shi kuma hannun daman Meshak ya fara rawa, kaɗan-kaɗan, musamman idan ransa ya tashi.

Bayan wasu shekaru maƙoƙon da ya daɗe a wuyan Mama Afiniki ya girma har ya fara hana ta haɗiye abinci. Ɗanta da ke aiki a Abuja ya shirya a yi mata tiyata a can. Likita bai ɓoye musu ba: ya ce aikin zai sauƙaƙa mata numfashi da ci, amma jijiyar murya tana kusa da wurin, mai yiwuwa ne ta tashi da wata murya dabam, ko kuwa waƙa ta gagare ta. Da labarin ya iso Meshak, sai ya ajiye abin da yake gyarawa. Ya tuna cewa shi da ya kwashe rayuwarsa yana gyara akwatunan da ke ɗauke da muryoyin baƙi, bai taɓa naɗar muryar matar da ta goya shi ba.

Ya fara gwadawa da wayar hannu. Aka tara mata a tsakar gidan Mama Afiniki, aka yi waƙa ɗaya, aka kunna mata. Ƙarar caki ta cika wayar, tulu ya koma kamar ana dukan kwali, muryarta kuwa ta fito siririya, tana karcewa.

"Wace ce wannan?" in ji ta.

"Ke ce, Mama."

"Ni? Wannan ai akuya ce aka taka wa wutsiya. Kashe, kashe. In haka za a tuna da ni, gara a manta."

Ya kawo makirfon majami'a. Ta juya shi a hannu, ta miƙa masa abinsa. Ta ce ita ba ta waƙa da ƙarfe a baki, hannuwanta kuma na ba da amshi ne, ba na riƙon kaya ba. Ko da an kafa mata shi a sanda, muryarta kaɗai yake ɗauka, amshin mata ya koma can nesa, alhali waƙar tata rabi ce idan babu amshi. A hanyar komawa Kafanchan ne tsohon makirfon gidan mishan ya faɗo masa a rai. Mai bayarwa ta gaba, masu amsawa ta baya, tuluna da caki ta gefen da ba ya ji. Kamar domin waƙar Mama Afiniki aka yi shi. Sabo ya fi ƙarfin aljihunsa nesa ba kusa ba, don haka ya ƙudura zai ƙera da kansa.

Maganaɗisun ya ciro su ne daga cikin matattun kwamfutoci a wurin masu gwangwan, ƙanana ne amma da ƙarfin da har suka matse masa fatar yatsa ta yi jini. Ya manne su a kan wani ɗan firam na roba da ya yanka daga bayan tsohuwar rediyo, ya bar rata tsakaninsu wadda ba ta wuce faɗin tsinken ashana biyu ba. Taransifomar ya naɗa ta da hannu, da wayar tagulla mai kaurin gashi. Ya haɗa matatan shayi biyu baki da baki suka zama keji, Rosemary ta lulluɓe cikinsu da ƙyallen tsohon mayafi. Zirin ne ya ba shi wahala. Ya samo alminiyam mafi siranta daga cikin kwandansa, wato wani ɗan gwangwani da ake samu a tsofaffin rediyoyi, wanda cikinsa naɗin takarda ne da alminiyam. Guda ɗaya tal ya rage masa na irin na da. Yakan yanka ziri, ya bi da shi tsakanin haƙoran wasu ƙananan giyoyin inji biyu domin ya lanƙwashe, sa'an nan ya ɗauko shi da tsinken sakace. Wani ya yage wajen yanka, wani ya manne da maganaɗisu, wani kuwa atishawa ta tafi da shi.

"Baban Doreen," in ji Rosemary daga kan kekenta, "tun da na aure ka ban taɓa ganin ka riƙe numfashi saboda ni haka ba."

"Ke ai ba ki tsinkewa."

"Ka ci gaba da gwadawa, za ka gani."

Ziri na ƙarshe da naɗin ya iya bayarwa shi ne ya zauna. Ranar kasuwa ce, Gidaɗo na kan benci. Meshak ya haɗa makirfon da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da 'yar rikoda, ya tsayar da Gidaɗo ta baya, shi ya tsaya ta gaba, ya ce wa Rosemary ta ci gaba da taka kekenta a gefe. Suka gaisa kamar yadda suka saba, ya tambayi lafiyar shanu, aka tambaye shi lafiyar iyali. Da ya kunna, muryoyinsu biyu suka fito cike, da taushi, kamar suna zaune a cikin akwatin, ƙarar keken kuwa sai an kasa kunne. Gidaɗo ya dafe hula ya ce ashe muryarsa tana da daɗi haka, matansa ba su taɓa gaya masa ba.

Aka sa ranar naɗa ta zama Asabar, domin washegari da sassafe motar ɗan Mama Afiniki za ta zo ta tafi da ita. Meshak da Rosemary suka iso Madakiya da hantsi, makirfon na cikin kwali an kewaye shi da tsummoki. Ya kafa shi a tsakiyar majami'a, ya haɗa kayan da batirin mota domin kada ƙarar janareta ta shiga. Matan Zumunta sun cika benci cikin zanensu na ɗinki ɗaya. Ya tsaya gabansu ya yi gargaɗi, ya maimaita: kada kowa ya hura masa iska, kada kowa ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce ana ji na, kada ma a yi tari kusa da shi. Suka amsa da "To, Baba Dattijo." Sai shi da Rosemary suka tafi ɗauko Mama Afiniki, wadda tafiya ta zame mata sai a hankali, ana riƙe da hannunta.

Suna dawowa, tun daga gindin mangwaron da ke ƙofar majami'a Meshak ya ji amon babban tulu, dum, dum, ana gwada shi. Ya saki hannun tsohuwar ya shiga da sauri. Makirfon ba ya inda ya bar shi. An sauke sandarsa, an matsar da shi, kejinsa na daidai bakin tulun Joanna, ita kuwa tana dukan bakin da faifan soso da iya ƙarfinta. Duk bugu ɗaya, tulun sai ya feso iskar da ta isa ta kashe fitila.

Ya ɗaga makirfon ya duba ta cikin ƙyallen. Zirin ya rabu biyu, yana lilo kamar yanar gizo.

"Mama Joanna, me kika yi?"

"Ban hura ba, Baba Dattijo. Allah ya gani, ko numfashi ban yi ba. Na sa shi a wurin shi ne kawai."

"Wane wurinsa?"

"Bakin tulu mana. Ba kai ka koya mana ba? Ka ce in ba a bakin tulu ba, ba za a ji ni ba."

Meshak ya dubi bakin tulun. Gaskiya ta faɗa. Ya zauna a kan benci da makirfon a cinyarsa, hannunsa na rawa har kejin na ƙara. Joanna ta gane abin da ya faru, ta ɗora hannu biyu a ka ta fara kuka. Mama Afiniki ta ƙaraso ta zauna kusa da shi, ta ce ya bari, waƙa ta Allah ce, in ya ga dama ya mayar mata da ita bayan aikin. Ya ce, "Mama, in bai mayar ba fa?"

Rosemary ce ta tambaye shi ko babu wani wurin da ake samun alminiyam mai sirantar nan. Ya ce akwai na cikin kwalin taba, idan aka jiƙa aka murje takardar da ke manne da shi. Ya fi na kwandansa kauri, amma zai yi magana. Mata suka dubi zanen Zumunta da ke jikinsu, suka dubi dattijon ikilisiya. A garin da kowa ya san kowa, duk wanda aka gani cikinsu yana tambayar kwalin taba a teburin mai kanti, kafin ya dawo labari ya riga shi zuwa gidan fasto. Meshak ya ciro waya ya kira Gidaɗo.

Ba a daɗe ba sai ga shi a kan babur, aljihunan rigarsa cike da kwalayen da ya tsinto a tashar mota wurin direbobi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi sauka.

"Dattijo, ni ma fa ba na sha. Yau duk tasha an gan ni ina tsintar kwalin taba kamar sabon mahaukaci. In labari ya kai wa limaminmu, kai za ka je ka yi bayani."

"Zan je, har da makirfon."

"To karɓi zunubinka, ni na sauke."

Ba a shiga da kwalayen majami'a ba. A ɗakin Mama Afiniki aka yi aikin, an rufe ƙofa da taga saboda iska. Aka jiƙa takardun a ruwan ɗumi, aka murje su da yatsa har alminiyam ya fito fes. Meshak ya ɗauki reza, hannun ya ƙi tsayawa. Ya yaga na farko, ya yaga na biyu. Rosemary ta karɓi rezar. Ta shimfiɗa alminiyam tsakanin takardu biyu kamar yadda take yi wa yadi mai santsi, ta danne da rula, ta ja reza sau ɗaya daga sama har ƙasa. Ita ta bi da zirin tsakanin giyoyin, ita ta ɗauko shi da tsinke ta kwantar tsakanin maganaɗisun, shi kuwa yana tsaye a kanta yana faɗa mata da raɗa, ta ja kaɗan, ta saki kaɗan, ya isa. Ya ɗaure ƙusoshin da ke riƙe zirin da hannun hagu. Da ya sa abin ji a kunne ya ce mata ta yi magana, ta ce, "Yunwa nake ji." Ya ji ta sarai.

Da suka koma majami'a rana ta karkata, hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas, ga rufin kwano wanda idan ruwa ya sauka ba a jin komai. Joanna da kanta ta riga ta ja tulunta can gefe, har ta wuce inda ake bukata, sai da aka ce ta matso. Da yake sabon zirin ya fi kauri, sai aka matso da kowa kusa. Mama Afiniki ta tsaya ta gaba, mata suka yi rabin da'ira ta baya suna fuskantarta, masu tulu da caki suka zauna dama da hagu. Wata tsohuwa cikinsu ta ce ai haka suke tsayawa a da, ido cikin ido, kafin a fara jera su suna kallon jama'a.

Mama Afiniki ta ɗaga hannu ta bayar, mata suka amsa. Muryar ta fara da rauni, a waƙa ta biyu ta buɗe. Ta yi ta Nuhu da jirginsa a kan muryar niƙa, ta yi ta Rut a gonar Bo'aza a kan muryar gayya, ta yi waɗansu da matasan cikin matan ba su taɓa ji ba, sai tsofaffi ne suka riƙe amshin har sauran suka kama. Tana gama ɗaya sai ta kurɓi ruwa ta shiga wata. Meshak na zaune da abin ji a kunne, idonsa a kan rikoda, bai motsa ba. Ta yi har ta ce ta gaji, ta zauna. Ba a jima ba ruwa ya sauko a kan kwano.

Sai da ruwan ya tsagaita aka kunna mata. Ta saurara da kai a sunkuye, har waƙar farko ta ƙare. Sa'an nan ta kama hannun Meshak, wanda ke rawa, ta riƙe.

"Ka ji wannan muryar? Ta yayata ce. Haka uwarka take waƙa, ban san na ɗauko ta haka ba sai yau."

Joanna ce ta ta da addu'ar godiya, ta gode wa Allah saboda Mama, saboda hannun Rosemary, saboda Gidaɗo da babur ɗinsa, har da direbobin tasha, ta kuma roƙa musu ikon daina shan taba. Gidaɗo, da ya fake wa ruwa a baranda, ya ce amin da ƙarfi.

An yi wa Mama Afiniki tiyata lafiya. A yau tana gidanta a Madakiya, tana ci tana sha ba wahala, tana magana da murya mai kauri wadda ba ta hawa sama, waƙa kuwa ba ta iya ja. Waƙoƙin da aka naɗa ran nan suna cikin wayoyin matan Zumunta daga Madakiya har Samaru Kataf, kuma da su matasan mata ke koyon amshi a ranar gwaji, ita tana zaune a gaba tana gyara musu da hannu. Meshak yana nan a shagonsa na Kafanchan yana gyara rediyoyin makiyaya. Rawar hannun ta ƙaru, don haka duk aikin da ke bukatar yanka mai siranta Rosemary ce ke yi. Makirfon yana aiki, kuma majami'u na kusa sukan aiko a je a naɗa musu tsofaffinsu, su biyun sukan tafi tare.